Mai Gangarmu Ya Koma Bawku, Na Kasa Buga Jita da Wani

Assalamu alaikum Mma Abiba,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ya fahimce ni. In na faɗa wa ƙawayena sai su ce ai kiɗa ne kawai, me ya yi zafi. In na faɗa wa makaɗa 'yan uwana sai su ce sana'a ce, a yi a wuce. Ni kuwa abin ya tsaya mini a ƙirji, ko abinci ba na jin daɗinsa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban iya taƙaita magana ba.

Ni budurwa ce, shekaruna ashirin da shida, haifaffiyar Salaga. Kakanninmu fataken goro ne, Babana kuma doya yake lodi zuwa Kumasi da Accra. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a garinmu. Na canza sunayen mutanen da zan ambata. Sunan ƙungiyarmu dai na bar shi, don ba mu kai a san mu a gidajen da ake karanta filinki ba.

Jita nake bugawa. Ta Yayana Abdul-Rahim ce, ya bar ta a bayan ƙofa lokacin da ya sami aiki a Takoradi, ni kuma na ɗauka ina koyo a waya. Muryata ba ta waƙa ba ce, kowa a gidanmu ya shaida, don haka tun farko hannu na sa wa ido. Wata rana na ga bidiyon wasu samari suna buga jita da yatsun hannu biyu a kan wuyanta, suna danna tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sautin yana zuba kamar an watsa gero a faranti. Babu mai waƙa a cikinsu. Daga ranar ban sake son wani kiɗa kamarsa ba. Turawa suna ce masa math rock, mu a tsakaninmu kiɗan lissafi muke cewa.

Bari in gwada bayyana miki shi, don in ba ki gane kiɗan ba, ba za ki gane damuwata ba. Yawancin kiɗan da ake yi a biki a huɗu yake tafiya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma farko. Shi ya sa ƙafa take gane shi ba sai an koya mata ba. Namu yakan tafi a bakwai, ko a biyar, ko a goma sha ɗaya. Wani lokaci ni ina tafiya a biyar, mai ganga yana tafiya a bakwai, mu rabu kamar mun ɓace wa juna, sai can gaba mu faɗo kan bugu ɗaya tare. Sai kuma mu tsaya cak, shiru, kamar an ɗauke wuta, mu sake tashi a lokaci guda ba wanda ya ƙirga da baki. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da mutanen da kika san numfashinsu.

A Tamale na samu irin waɗannan mutane, lokacin ina makaranta. Na kai wayata gyara, sai na ji irin wannan kiɗa yana fita daga sifikar shagon. Na tambayi wa ya sa, wani dogon saurayi da ke zaune a benci ya ɗaga hannu kamar wanda aka kama da laifi. Shi ne Mudasiru, ɗan Yendi, ɗan gidan malamai, yana buga bes, wato babbar jitar nan mai kaurin murya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya tambayi kiɗan nan ba sai don a kashe. Shi ya kawo Ayyub.

Ayyub ɗan Bawku ne, yana karatun gyaran wutar lantarki, yana kuma buga wa 'yan rawar simpa da masu biki ganguna don ya riƙe kansa. Gajere ne, ba ya da yawan magana, amma hannunsa bai san zama ba. In muna cin wake da shinkafa yana buga gefen kwano. In muna cikin yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, yana buga ƙarfen kujera har direba ya waiwayo. Bai taɓa jin sunan math rock ba kafin mu, da muka sa masa sai ya saurara ya ce, “To ai wannan daka ne.” Ya ce in mata uku suna daka a turmi ɗaya, ɗaya ta tsaya share gumi, biyun suka ci gaba, sannan ta dawo ta shiga ba a inda ta fita ba, abin da ake ji ke nan. Daga nan ya zauna ya buga mana shi. Ni da Mudasiru muka kalli juna. Bai taɓa kirana da sunana ba, Salaga yake ce mini, kuma Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk “kai” ne.

Wani ɗan uwan Mudasiru ya ara mana bayan sitonsa na ƙwarar kaɗanya, can muke gwaji bayan la'asar. Har yau in na ji warin kaɗanya sai yatsuna su fara motsi. Wasanmu na farko a bikin wani abokin karatunmu ne a Karaga. Mata suka fito fili da kwalliyarsu, suka fara rawa, ƙafa ta ɗaga ta rasa inda za ta sauka. Suka sake gwadawa, suka sake rasawa. Wata tsohuwa ta zo gabanmu ta riƙe ƙugu ta ce wannan kiɗa naku ɗingishi yake yi, ku kai shi wurin mai ɗori. Aka sallame mu da ladabi aka kunna sifika. A motar dawowa mun yi dariya har Mudasiru ya ƙware, kuma a nan muka sa wa kanmu suna Ɗingishi.

Za ki tambaya ko iyayena sun sani. Sun sani. Babana ya sa na buga masa a tsakar gida, ya saurara har ƙarshe, ya ce ba waƙa, ba rawa, kina tsaye da mayafinki kina kallon yatsunki kamar mai tsintar shinkafa, shi bai ga abin hanawa ba, bai kuma ga abin saurare ba. Sharaɗinsa kawai kada in kwana inda bai sani ba, kada salla ta wuce ni. A kan haka muke har yau.

Sannu a hankali muka fara samun masu ji. Muna da wani kiɗa da muka sa wa suna “Makango”, saboda Ayyub ya ɗauko shi daga ƙarar injin fanton da ke tsallakar da motoci a ruwan Makango, ranar da suka raka ni gida muka zarce can yawo. Wani abokinmu ya ɗauke mu a waya muna buga shi a cikin siton, buhuna a bayanmu, ya sa a intanet. Sai ga mutane daga Japan da Mexico suna rubuto mana da harsunan da ba mu iya karantawa. Wani da ya rubuto da Turanci ya ce bai taɓa jin an sa lunga, wato kalangu, a irin wannan kiɗa ba, don a tsakiya Ayyub yakan ajiye sanda ɗaya ya matse lunga a hammata, ƙafarsa tana ci gaba da nata aikin. Muka yi wasa a Tamale sau da dama, a ƙananan wurare, wani lokaci masu kallo ba su fi cikin motar haya ta tiro-tiro ɗaya ba, amma suna tsayawa shiru har mu gama. Sau ɗaya aka gayyace mu Accra. Ban taɓa jin ni ce ni ba kamar a shekarun nan biyu.

Bara da damina mahaifin Ayyub ya rasu. Ciwo ne na ɗan lokaci. Ayyub ne babba, akwai mahaifiyarsa da ƙannensa mata, akwai rumfar albasa a kasuwa da ba mai riƙewa. Kin kuma san halin da Bawku take ciki, yau lafiya gobe dokar hana fita, hanya ma ba kullum ake binta da kwanciyar rai ba. Ya tafi ya ce sai an yi sadakar arba'in. Aka yi arba'in bai dawo ba. Gangunansa suna nan a Yendi a ɗakin Mudasiru, an lulluɓe su da tsohon zane. Ni ma na gama makaranta na dawo Salaga. Ga mu nan, gari uku.

Da farko mun gwada yi ta waya. In buga nawa in tura, Mudasiru ya ɗora nasa, mu jira Ayyub. Yakan saurara, in ga alamar ya buɗe, ya turo hoton babban yatsa, shi ke nan. Sau ɗaya tak ya turo mini wani abu, ni kaɗai ba a rukuninmu ba. Ƙarar ruwan sama ce a kan kwanon rumfarsu, da wani wuri da yake yoyo cikin bokiti, ɗigon yana faɗowa ba daidai da ruwan ba. Bai ce komai a ciki ba. Na saurare shi ban san iyaka ba. Na ɗora masa jita, kiɗa ne da ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba, kuma har yau ban tura masa ba, ban kuma sa wa kowa ba.

To ga abin da ya kawo ni. Wata mata mai ƙaramin situdiyo a Accra, wadda ta gan mu a wasan nan ɗaya, ta nemi Mudasiru. Tana son ta ɗauki albam ɗinmu na farko, ta kuma sa mu a wani bikin makaɗa da ake yi a ƙarshen shekara. Ta ce mu ba ta amsa kafin babbar salla, don akwai wasu a layi. Mudasiru ya kira Ayyub, Ayyub ya ce ba zai iya ba, a nemi wani. Ni ban yarda ba. Na ce a waya ne, mutum yakan faɗi abin da ba shi ne a ransa ba. Na ɗauki hutun aiki na ce wa gida zan je Bolga wurin ƙawata, na kuwa je wurinta, washegari na wuce Bawku.

Na same shi a rumfa da hantsi, yana sa ido ana zazzage buhu ana ware ruɓaɓɓu. Ya rame, ya tara gemu. Ya yi murna da ganina, wannan ban yi shakka ba, har ya rasa inda zai zaunar da ni. Ya kai ni gida na gaida mahaifiyarsa, ta dama mini zomkom mai sanyi, ta ce ashe ke ce Salagar. Muka koma rumfa muka zauna a kan benci. Mma, abin da ya karya mini zuciya ba maganarsa ba ce. Hannunsa ne. Tun zuwana har tafiyata suna kan gwiwarsa a ajiye. Ga benci, ga ma'auni, ga kwanon awo, bai taɓa ko ɗaya ba.

Na ce masa kwana kaɗan ne, za mu tsara komai yadda ya dace da shi. Ya girgiza kai ya ce, “Salaga, Mma na ba shi da kowa sai ni. In na fita garin nan aka rufe hanya, wa zai kwana gida da su? Ka je ka buga. Kiɗan ba nawa ba ne ni kaɗai.” Na ce to mu jira har abubuwa su lafa. Ya yi murmushi ya ce kada in jira abin da shi kansa bai san ranarsa ba. Ya raka ni tasha da wuri saboda dokar yamma, ya saya mini ruwa da gyaɗa, ya tsaya har motar ta tashi. Ina so ya ce in jira shi. Bai ce ba. Ni ma akwai abin da na zo da shi a baki ban faɗa ba, ban ma san ko na san mene ne ba. Daga Bawku har Zebilla fuskata tana jikin gilashi don kada na kusa da ni ya gani.

Mudasiru ya samo wani mai ganga, sunansa Issah, ɗan Bimbilla. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Ya zauna da bidiyoyinmu ya haddace duk bugun Ayyub, har inda Ayyub ya yi kuskure ya haddace. Na je Yendi muka yi gwaji a kan gangunan Ayyub, da izininsa. Komai daidai, ko bugu ɗaya bai ɓace ba. Amma Ayyub yakan jira ni. Akwai wani ɗan jinkiri da yake yi, bai kai ƙiftawar ido ba, kafin mu faɗo tare, kamar mai riƙe miki ƙofa. Issah yana faɗowa a kan lokaci, ni kuma in iso in tarar an riga an wuce. A tsakiyar “Makango” na ɗaga kai don in haɗa ido da mai ganga kamar yadda na saba, na ga wata fuska. Yatsuna suka tsaya. Na cire jitar na sa a jaka na fita, ko sallama ban yi ba. Bawan Allah Issah ya biyo ni yana tambaya ko wani abu ya ɓata.

Mudasiru ya same ni a tasha ransa a ɓace. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, shi ma da Hausarsa ta zango, “Wannan mata ya buɗe mana ƙofa, kai kana jiran mutum da ya ce da bakinsa ba shi zuwa. Ni fa? Ni ba mutum ba ne?” Mahaifinsa ya so ya karɓi aji a makarantar gidansu, shi kuma ya roƙi a ba shi shekara ɗaya ya gwada wannan hanya, kuma shekarar ta kusa cika. Ya ce in ban ba da amsa ba zai ce wa matar a'a, ya mayar da bes ɗinsa ƙarƙashin gado, kowa ya kama gabansa. Tun ranar gaisuwa kawai muke yi.

Mma Abiba, in na yarda ji nake kamar na binne mutum da ransa, na ɗora wani a kujerarsa, a buga abin da ya ƙirƙira ana tafa wa wani. In na ƙi, na kashe abin da mu uku muka gina, na cuci Mudasiru. Kullum in na tashi daga aiki sai in zauna a bayan ɗaki da jita ba tare da na jona ta ba, ina buga ɓangarena, ina barin gurbin ganguna a buɗe. Kakata ta ce na zama kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Shin in je Accra da Issah? In jira? Ko in haƙura da kiɗan gaba ɗaya in riƙe aikina? Kuma wannan kewar, ta kiɗa ce ko ta mene ce? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki,
Mai jita daga Salaga

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata,

Na karanta wasiƙarki, na kuma nemo “Makango” ɗin naku na saurara ina yankan kuɓewa. Na gwada tafi na kasa, don haka ina bayan tsohuwar Karaga. Amma ban kashe ba har ya ƙare, na kuma sake sawa. Akwai abu a ciki. Ba wasan yara kuke yi ba, kuma ba zan ce miki kiɗa ne kawai ba.

Kin tambaye ni gaskiya, to ga ta. Matsala biyu kika ƙulle a ɗankwali ɗaya, shi ya sa ƙullin ya ƙi kwancewa. Ɗaya ta ƙungiya ce, ɗaya ta zuciyarki ce. Macen da ta ɗauki hutu ta bi hanyar Bawku a wannan yanayi, ta lura da inda hannun mutum yake ajiye tun hantsi har la'asar, ba mai ganga kaɗai ta je nema ba. Ba abin kunya ba ne. Son mutumin kirki da ya bar abin da yake ƙauna don ya tsaya wa mahaifiyarsa, ai wannan shaida ce kina da ido. Abin da ba daidai ba shi ne ki riƙe ƙungiya a matsayin igiyar da ta haɗa ku, kina tsoron in an sa wani a kujerarsa ba sauran dalilin da zai sa ki kira shi.

Mu fara da ƙungiyar. Kina da gaskiya cewa abokin kiɗa ba tayar mota ba ce da za a cire a sa wata. Abin da kuka yi ku uku a siton kaɗanya ba zai dawo yadda yake ba, ko da Ayyub ya dawo gobe, don shi ma ba mutumin bara ba ne. Ki yi kukan wannan, ya cancanci kuka. Amma Ayyub ya yi magana sau biyu, a waya da kuma ido da ido, kuma magana ɗaya ya yi. Girmama shi shi ne ki yarda ya san abin da yake faɗa. Kina ganin jiranki amana ce. Shi a wurinsa wani buhu ne aka ƙara masa a kan waɗanda yake ɗauke da su: ga uwa, ga ƙanne, ga kasuwa, ga kuma mutum biyu da suka tsayar da rayuwarsu saboda shi. Kada ki yi masa haka.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki ki ga layi nawa kika ba Ayyub, nawa kika ba Mudasiru. Ni da na saurari kiɗanku, ke da mai ganga kuna ta tsalle-tsallenku, wannan mai kaurin murya a ƙasa shi na ji yana riƙe da ɗakin kada ya rushe. Shi ya haɗa ku, shi ya adana gangunan, shi ya tsaya gaban mahaifinsa ya roƙi lokaci. Tambayar da ya yi miki a tasha tambaya ce mai nauyi, kuma ba ki amsa ba. Ki kira shi yau, ba gobe ba. Ki ba shi haƙuri, ki ce masa a gaya wa matar Accra kun amince.

Issah kuma kun sa shi aikin da ba mai iya shi. Kun ba shi rigar wani kun ce ya sa, sannan kina fushi ba ta zauna masa ba. Laifinsa ɗaya, ya yi ƙoƙarin zama Ayyub don ya faranta muku. Ki neme shi ki ce ba shi ya ɓata ba. Ku ajiye tsofaffin kiɗan na ɗan lokaci, ku zauna ku uku ku ƙirƙiri sabo daga farko, wanda shi zai kawo bugunsa na Bimbilla. A nan za ki san ko za ku iya tafiya tare. Jiran nan da Ayyub yake yi miki ba da shi aka haife shi ba, zama tare ne ya koya masa. Ki ba wannan ma lokaci. In kun gwada da zuciya ɗaya abin bai yi ba, sai ku nemi wani, amma ba za ki yanke wa mutum hukunci a gwajin da kika fita a tsakiyarsa ba.

Hakkin Ayyub kuwa a kiyaye shi sosai. Duk kiɗan da ya sa hannu a ƙirƙirarsa, sunansa ya fito a jiki, rabonsa ya isa gare shi, kuma a rubuta wannan a yarjejeniyarku da mai situdiyo tun kafin a fara. Ku gaya masa haka a fili. Kuna iya tambayarsa, sau ɗaya kawai, ko zai so a kawo masa na'urar ɗaukar sauti har inda yake ya buga lunga a kiɗa guda. In ya ce a'a, ku ce to, kada ku sake tayar da maganar. Mutumin da ke cikin makoki da nauyin gida hannunsa yakan yi shiru. Sau da yawa yakan dawo, amma ba da matsi ba.

Yanzu zuciyarki. Bayan kin ba Mudasiru amsa, ba kafin nan ba, ki zauna da kanki ki tambaya: da Ayyub ba zai sake taɓa ganga ba har abada, da albasa zai sayar a Bawku har tsufansa, ina son sa haka? In amsar a'a ce, to zamanin Tamale kike kewa, kuma wannan ciwo ne da aiki da lokaci suke warkarwa. In amsar e ce, ki yi istihara, ki sami Yayanki Abdul-Rahim ko wata babba da kika amince da ita, a ji ta bakinsa cikin mutunci. Mace ta nuna tana son mutumin kirki ta hanyar manyanta ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kiɗan da kika ɗora a kan ruwan samansa ki tura masa, nasa ne rabi, amma kada ki aike shi ya yi miki maganar da baki ya kamata ya yi. Namiji mai ƙarancin magana zai saurara ya ji daɗi ya turo miki babban yatsa, ki koma inda kike. Ki kuma shirya wa kowace amsa. Yana iya cewa ba yanzu ba, yana iya cewa a'a, kuma ba ɗayansu da zai rage miki daraja.

Abu na ƙarshe, kuma a nan zan ɗan ja miki kunne. Babanki ya ba ki yarda da 'yan mata da yawa ba su samu ba. Tafiyar Bawku da kika yi da rabin gaskiya kada ta sake faruwa, musamman a hanyar da ke buɗewa tana rufewa. Zancen Accra ki kai masa da kanki, da ranakun tafiya da gidan da za ki sauka. Aikinki na asibiti ki riƙe shi da kyau, hutu za ki nema ba sallama ba.

Ki tashi ki jona jitar nan, 'yata, ki daina buga ta a ɓoye a bayan ɗaki. Allah ya jiƙan mahaifin Ayyub, ya zaunar da Bawku lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri ko da ba shi kika roƙa ba. Ku je Accra lafiya ku dawo lafiya.

Mma Abiba